Layukan da Suka Fito da Launin Toka

Koto Baringin, 8 ga Fabrairu, 2016

Zuwa ga 'yata Nelfia, a Bandung,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙulla gaba da matakalar masallaci. Na ga mahaifiyarki ranar Juma'a tana shanya barkono. Ta ce in gaya miki kin rame a hoton da kika aiko, wai mutanen Bandung ba su san madarar kwakwa a miya ba, sai cin ɗanyen ganye kamar awaki.

Na san za ki ce me ya hana Kawu buga waya. Waya ta "ina kwana" ce. Magana mai nauyi takarda take so. Ni da mahaifiyarki kakanninmu mata ne suka haɗa uwa, amma a gidanmu na gado ni ne kawun da ya rage miki, don haka ki gyara zama ki saurara.

Majalisar gari ta yanke za a karrama ni ranar Asabar, 28 ga Mayu, a taron cin abincin da muke yi kafin azumi. Ni, Bustami, tsohon malamin lissafi! Dalili kuwa shi ne manhajar rabon ruwa da na rubuta a shekarar farin 1997, lokacin kina yawo ba takalmi. Ke ba ki ga yadda ake yi a da ba. Magudana ɗaya, gonakin shinkafa ɗari da ashirin, in rani ya yi maza su fito da adduna a bakin katakon tare ruwa. Na zauna gaban kwamfutar makaranta mai koren allo wata biyar, na rubuta layi dubu biyu da ɗoriya da harshen Pascal. Tun daga nan, a duba tsayin ruwa a jikin sanda, a shigar, inji ya fitar da awannin kowace gona. Shekara goma sha tara ba a zare adda ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yin shiru ba, Iya Dalima, mai gonaki can wutsiyar magudana. Duk rani sai ta zo da kukan wai an rage mata. Tun shekarar farko na faɗa mata a gaban jama'a cewa inji ba shi da dangi, ba ya shan kofin kowa. Aka yi dariya. Har yau yara na kiranta Iya Ƙorafi.

Yanzu garuruwa bakwai na maƙwabta suna son su ɗauki aikin nawa, wakilansu za su zo taron. Ga filasha nan, 'yar ma'ajiyar da na kwafi manhajar a ciki, na naɗe a takarda, a ƙasan busasshen kifin da mahaifiyarki ta sa. Ki ɗora rubutun a intanet yadda kowa zai karanta. Ba na ɓoye komai, a zo a gani.

Ki riƙe salla, ki ci abinci. Wassalam.

Kawunki, Bustami

*

Bandung, 22 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Kawu da girmamawa, ya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. A gaya wa Mama ban rame ba, hoton ne. Kifi ya iso, filasha ma ta iso tana warin kifi, sai da na goge ta sau uku kafin in yarda ta shiga kwamfutar kamfani.

Kawu, wallahi kaina ya kumbura! Na ɗora rubutun a shafi, ga adireshin nan na rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasa. Da na fara buɗewa sai ya fito baƙi a kan fari, dogo kamar takardar kotu, ido ba ya samun wurin hutawa. To akwai wani ɗan ƙari da muke liƙa wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a wurin aiki. Shi aikinsa ya gane harshen da aka yi rubutun da shi, ya rina kowace irin kalma da launinta. Ina danna shi, sai ga aikin Kawu ya yi ado. Kalmomin umarni shuɗi, lambobi ruwan lemo, sunayen gonaki kore shar. Kawu ya buɗe ya gani, kamar zanen biki.

Babban ma'aikacinmu, Kang Encep, yana wucewa ya tsaya a bayana. Mutumin da ba ya yabon aikin kowa, ko nasa.

Ya ce, "Wannan kuma wane tsoho ne? Pascal a wannan zamani?"

Na ce, "Kawuna ne. Da shi garinmu ke raba ruwa."

Ya ja kujera ya zauna, ya karanta kamar layi ɗari biyu. Can ya ce, "Dubi yadda yake sa wa abubuwa suna, ko bayan shekara ashirin ka san me yake nufi. Ku yaran yanzu ku zo ku ga tsabta." Ya tara mu mu shida a kan allona. Ni kuwa ina zaune ina ta fankama kamar ni na rubuta.

Ban kai ga karanta shi duka ba, aiki ya yi mana yawa, muna da abin da za mu miƙa ƙarshen wata. Taron ma da wuya in samu zuwa, ba a ba sabon ma'aikaci hutu sai salla. Amma zuciyata tana can.

A gaida mutanen gida. Na bar Kawu lafiya.

'Yarka, Nelfia

*

Koto Baringin, 7 ga Maris

Nelfia,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda take.

Ban san laifin da na yi miki ba da za ki kunyata ni a garin da aka haife ni. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta sau huɗu, na karanta wa mutanen shagon kofi wajen da mutumin nan naku ya ce tsabta. Kin rubuta da hannunki, "Kawu ya buɗe ya gani, kamar zanen biki." To na gayyaci shugaban gari, da liman, da dattawa biyar, muka tafi ofishin gari. Na sa rigata mai dogon hannu. Malama Yenti, akawun ofis, ta buga adireshin nan harafi bayan harafi, ni ina tsaye ina ce musu su shirya idanunsu.

Shafi ya buɗe. Baƙi a kan fari! Ko ɗigon shuɗi babu.

Na ce a sake. Aka sake. Na ce a kashe a kunna. Aka kashe aka kunna. Liman ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Malam Bustami, ko launin sai mai ilimi ke ganinsa?" Shugaban gari ya danne dariya har kafaɗunsa na rawa. Wani daga cikin dattawan, ba zan faɗi sunansa ba, kin san shi, mai haƙorin zinariya, ya ce, "Ai 'yan birni haka suke, su yi wa tsoho wasa ya yi ta tsalle."

Na dawo gida a ƙasa, ban ko tsaya shagon kofi ba. Kwana uku ke nan ban je ba.

In ba'a kika yi, ba a yi wa kawu irinta. In kuma ƙarya kika yi don ki faranta mini, ni ba jariri ba ne. Aikina ya yi shekara goma sha tara ba shi da launi, bai mutu ba. Ki ba ni amsa.

Bustami

*

Bandung, 15 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma durƙushe. Kawu ya yi haƙuri, don Allah don Annabi. Da na karanta wasiƙar sai da na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Na buga waya sau biyar ba a ɗauka ba, na san kuma ba rashin sabis ba ne.

Laifina ne tsaf, amma ba ba'a ba ce, wauta ce irin tamu ta masu wannan aiki. Launin ba a jikin shafin yake ba. Yana cikin ɗan ƙarin nan da ke liƙe da burauzata. Kamar tabarau ne, wanda ya sa shi kaɗai ke gani. Mu a nan kowa yana da shi, mun saba har mun manta ba haka duniya take ba. Na ga launi a allona, sai na ɗauka duk wanda ya buɗe zai gani. Mutanen zamaninku ba su yi aiki da irin wannan ba, ya kamata in yi bayani tun farko.

Ga yadda za a yi a kwamfutar ofis, minti biyar ya isa. A buɗe burauza, a shiga rumbun ƙare-ƙarenta, yana cikin jerin da ke kusurwar sama ta dama. A rubuta sunan da na sa a 'yar takardar nan. A danna inda aka ce a ƙara, zai nemi izinin karanta shafuka, a yarda. Sai a koma shafinmu a sake buɗe shi. In ya yi shiru bai rina ba, a danna ɗan hotonsa a sama, a zaɓi Pascal da hannu, wani lokaci ba ya gane harshen da kansa.

Kawu ya fara gwadawa shi da Malama Yenti kawai. In ya fito, sannan a kira mai haƙorin zinariya, a ba shi kujerar gaba.

Ina neman gafara.

'Yarka, Nelfia

*

Koto Baringin, 28 ga Maris

'Yata Nelfia,

Salamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya ƙalau, har gwiwar ma ta yi sauƙi don murna. Na yafe miki duniya da lahira, ki share hawayenki.

Ya fito! Tabarakallah, ya fito! Ni da kaina na danna, Malama Yenti tsayawa kawai ta yi. Ina zaɓar Pascal sai allon ya washe. Na zauna ina kallo kamar wanda aka nuna wa ɗansa cikin kayan angwanci. Shekara goma sha tara ban san yana da kyau haka ba. Na aika aka kira mutanen nan duka. Liman ya ce masha Allah sau uku. Mai haƙorin zinariya ya ce wai shi dama bai yi musu ba. Na saya masa shayi mai ƙwai don ya haɗiye maganarsa da shi.

Shugaban gari ya ce ranar taro za a aro majigi daga makaranta, a haska shi a bangon zaure, wakilan garuruwa bakwai su gani da launinsa.

Sai dai abin naku ma ashe yana kuskure, kada ku cika baki. Na lura duk bayanin da na rubuta wa kaina a gefe, wanda inji ba ya karantawa, ya yi masa launin toka. Wannan daidai ne, na yaba. Amma daga layi na 1204 zuwa na 1234 ya rikice, ya shafe layi talatin da ɗaya na aiki sosai da tokar nan, kamar ba su da rai. Kuma ya rasa inda zai yi sai wurin da na fi alfahari da shi. Nan ne na sa ƙarin ruwan gonakin wutsiya. Kin san ruwa yana tsiyayewa a hanya kafin ya isa can, shi ya sa tun kakanni, in ruwa ya ja baya, ake ƙara musu awanni. Ni na mayar da wannan al'ada lissafi, ba wanda ya taɓa yi kafin ni. A kan layukan nan nake tsayawa duk lokacin da Iya Dalima ta zo da kukanta.

Ki duba abin naku ki gyara shi kafin taro. Ba na son wurin ya fito kamar an zuba masa toka a gaban baƙi.

Kawunki mai alfahari da ke, Bustami

*

Koto Baringin, 25 ga Afrilu

Nelfia,

Salamu alaikum. Lafiya muke. Ke fa? Don wata guda ke nan ban ga rubutunki ba. Mahaifiyarki ta ce kuna magana a waya duk Lahadi, kina nan garau, amma in ta ambaci sunana sai ki ce ana kiranki.

Na koma wasiƙarki ta baya na sake karantawa, na ga inda kika ce "mutanen zamaninku." Da farko ban kula ba. Yanzu na gane. Tsohon ya dame ki da tsohon aikinsa, ke kuwa kina da manyan abubuwa a gabanki. Ba komai. Na ɗauke ki a wuyana zuwa kasuwar Batusangkar kina shekara uku, kika yi mini fitsari a riga, lokacin zamanina bai dame ki ba.

Saura wata ɗaya taro. In ba za ki gyara ba ki faɗa mini, zan ce wa baƙi abin rinin ne bai ƙware ba.

Bustami

*

Bandung, 2 ga Mayu

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa da fatan Kawu yana cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiyata lau, amma wata guda ke nan abinci ba ya mini daɗi. Wannan ce takarda ta biyar da na fara, huɗu na yaga. Ba raini ya sa ni shiru ba. Ban san da wane baki 'ya za ta faɗa wa kawunta abin da zan faɗa ba. Kawu ya zauna kafin ya ci gaba.

Abin rinin bai yi kuskure ba.

A layi na 1204 Kawu ya buɗe baka mai lanƙwasa, ya rubuta wa kansa bayani: "ƙarin ruwan gonakin wutsiya, yadda magabata ke yi." Amma bai rufe bakan ba. Kawu ya fi ni sanin cewa duk abin da ke tsakanin buɗewa da rufewa inji yana ɗaukarsa bayanin gefe ne, ya tsallake shi ba tare da ya ce komai ba. Rufewar da ya fara tararwa tana layi na 1234, ƙarshen wani bayanin daban. Layi talatin da ɗayan nan suna nan a rubuce, lissafinsu daidai, na bi shi ban ga aibu ba. Amma tun ranar farko inji bai taɓa bi ta kansu ba.

Na gwada don kada in yi wa Kawu ƙage. Na samo abin da ke tafiyar da tsohon Pascal, na shigar da tsayin ruwa irin na rani, na ga awannin Iya Dalima. Na rufe bakan, na sake shigarwa. Ta ƙaru da awa uku da rabi a mako. Na canza tsayin ruwa sau goma, duk amsa ɗaya. Ita da gidaje huɗu na kusa da ita, duk ranin da ruwa ya ja baya, ba su samu ƙarinsu ba.

Babu mai ganin wannan a koren allo, inda komai launi ɗaya ne, ko a takardar da aka buga baƙi. Ni ma da ido kawai zan wuce shi sau ɗari. Mu a nan muna yin irinsa kullum, launin ne ke kama mu kafin a ji kunya. Kawu bai samu mai kama shi ba.

Alama ɗaya ce tak. Na buɗe wa Kawu damar gyara shafin, kalmar sirri tana bayan takardar nan. A sa rufewar a ƙarshen bayanin layi na 1204, a adana, a sake buɗewa, tokar za ta tafi. In Kawu ya so, ni zan sa ta daga nan, a haska ranar taro komai fes, ba wanda zai taɓa sani. Ni dai bakina ba zai buɗe ba, ko ga Mama. Na yi tunanin in sa ta shiru in ce na gyara abin rinin, har na ɗora yatsana. Sai na kasa. Aikin na Kawu ne, sunan na Kawu ne, ruwan kuma na Iya Dalima.

Duk abin da Kawu ya yanke, ni 'yarsa ce.

Nelfia

*

Koto Baringin, 30 ga Mayu

'Yata Nelfia,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, azumi kuma ya riske mu da rai. Mahaifiyarki lafiya, gwiwa ta dawo da halinta. Ki yafe mini maganar fitsarin nan, fushi ne.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta wasiƙarki na ce yarinyar nan ta yi ƙarya. Mako guda ina zaginki a zuciya. Sannan na ciro tsohuwar takardar da na buga a 1997 daga ƙasan kabad, na sa rula da fensir kamar mai duba jarrabawa, na bi layi-layi. Na isa 1204. Na nemi rufewar nan da tabarau, na neme ta ba tabarau. Babu. Nelfia, na koyar da lissafi shekara talatin da biyu, na sha zane yara a kan baka da ba a rufe ba.

Tayinki kuwa ya zauna mini a rai kwana da kwanaki, kada ki ɗauka kawunki waliyyi ne. Sau biyu na je ofis da kalmar sirrin a aljihu. Na biyun, a hanya na bi ta wutsiyar magudana. Gonakin Iya Dalima biyar ne, biyu ta daɗe da mayar da su na rogo. Ɗanta ya bar gari tun tuni yana tallan safa a Jakarta, don shinkafar ba ta riƙe su. Na tsaya ina kallon rogon nan, na juya na koma gida.

Shekaranjiya aka yi taro. Zaure ya cika, an jera farantai, mutum shida-shida a kowane, wakilan garuruwa bakwai a sahun gaba. Shugaban gari ya yi jawabi har ya kira ni fitilar Koto Baringin, ya yafa mini zane a kafaɗa. Aka haska aikin a bango da launinsa, mutane suka yi ta "kai, kai!" Sai na miƙe, na ce wa Malama Yenti ta gangara layi na 1204. Ta ce a hankali, "Malam, wajen tokar?" Na ce nan.

Na ce, "Jama'a, kun ga wurin nan da ba shi da launi? Ruwan Iya Dalima ne, da na gidaje huɗu. Na rubuta shi, na manta alama ɗaya, inji bai taɓa ba su ba. Shekara goma sha tara tana faɗin gaskiya, ni ina ƙaryata ta a gabanku, kuna dariya. Inji bai yi son kai ba, mai injin ne ya yi sakaci, ya kuma ƙi saurara." Na cire zanen na ninke na ajiye a gaban shugaban gari.

Mai haƙorin zinariya ya buɗe baki, liman ya dafa masa gwiwa, sai ya rufe bakin.

Sai ga Iya Dalima ta taso daga sahun mata da sandarta. Ta ratsa tsakanin farantai ba ta ce wa kowa gafara ba, ta zo har jikin bango.

Ta ce, "Bustami, ina sunan gonata a nan?"

Na nuna mata.

Ta ce, "Karanta mini, da ƙarfi. Ni ban yi boko ba, amma kunnena ƙalau."

Na karanta layi talatin da ɗaya, ina fassara mata. Da na gama ta ce, "Ashe ka rubuta. Ni duk shekarun nan na ɗauka da gangan ka cire ni, don mijina ya taɓa ƙin zaɓenka a kwamiti." Na rantse mata ba haka ba ne. Ta ce, "Na ji. Wawa ne kai, ba azzalumi ba. Da sauƙi."

Wasu suka fara dariya, ta juya ta ce, "Ku kuma me ya ba ku dariya? Ku da kuka koya wa jikokinku su kira ni Iya Ƙorafi?" Dariya ta mutu nan take.

Ta tambaya ina abin da ya ɓace. Na ce alama ɗaya ce, ga maɓallinta. Ta ce, "Matsa." Malama Yenti ta shirya mata wurin, ta riƙe mata wani maɓallin da ake dannawa tare da shi, tsohuwar nan ta sa yatsa ɗaya ta danna. Aka adana, aka sake buɗewa. Nelfia, da kin gani! Tokar ta tashi gaba ɗaya, shuɗi da ruwan lemo suka sauko, sunan gonarta ya fito kore a bango, girmansa ya kai hannuna. Mata suka ɗau kabbara. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba, tsayawa ta yi tana kallonsa.

Wakilin wani gari ya tambaya wane gwani ne ya gano wannan. Na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji, na ce Nelfia ce, 'yar Ramaini, jikar Siti Ara, 'yar gidanmu, tana Bandung tana aikin da ko ni ban iya ba, kuma ta iya faɗa wa kawunta gaskiya. Mahaifiyarki ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa jin girma irin na wannan lokacin ba, ko sa'ad da ake yafa mini zanen.

Garuruwa biyar sun ce za su ɗauka, biyu sun ce sai sun yi shawara, ban ga laifinsu ba. Zanen yana ofis, ban tambaya ba, ba a kuma kawo mini ba. Jiya na mayar da gyaran cikin injin ofis. Majalisa ta yanke gonakin wutsiya su ne farko a layi duk rani har shekara biyar.

Da aka tashi ana yafe wa juna saboda azumi, na je na durƙusa gabanta da wannan gwiwar tawa, na nemi gafara. Ta ce yafiya sai ta ga ruwa a gonarta. Ruwa ya fara ja baya tun makon jiya. Alhamis mai zuwa nata ne, daga hantsi har la'asar, kuma ni zan ɗaga katakon da hannuna.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki, Bustami